Gilashi, Leda, Raga ko Fili: Wanne Ya Dace da Mai Son Noman Tumatir Don Kasuwa?

Duk shekara daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen Agusta, idan tumatir ya yi tashin gwauron zabi har uwargida ta koma wa kauɗa da na gwangwani, sai maganar noma a rufaffen gida ta taso. Wani ya ga bidiyon gidajen gilashin ƙasar Holan a waya, ana tsinkar tumatir alhali dusar ƙanƙara na zuba a waje. Wani kuma ɗan kamfani ne ya kawo masa takardar farashin gidan leda, ya rantse masa cewa shekara ɗaya ta isa ya mai da kuɗinsa. Mai kuɗin sallama a hannu, ko ɗan kasuwar da ya tara ɗan jari, sai ya rasa inda zai dosa.

Kafin a kai ga farashi, akwai abin da ya kamata ya zauna a ran mutum. Bature ya gina gidan gilashi ne don sanyi da duhu. A Holan a tsakiyar Disamba yini ba ya kai awa 8, ga hadari, ga daskarewar ruwa, tumatir ba zai rayu a waje ba ko kusa. Mu kuwa hunturu shi ne lokacin da tumatir ya fi sakewa: rana ba zafi can, dare da sanyi, iska a bushe, cutar ganye kaɗan. Shi ya sa daga Janairu zuwa Maris kayan Kadawa da Kura da Bunkure da Ɗanja ke cika kasuwa, har manomi ya gwammace ya yanka ya shanya da ya biya kuɗin mota. Wanda ya kashe miliyoyi ya gina gida don ya fitar da tumatir a hunturu, zai tarar da kansa yana gogayya da mutumin da bai sayi ko ƙusa ɗaya ba. Giɓinmu yana bazara da damina, kuma abokan gabarmu zafi ne da ruwan sama da ƙwari. Da wannan ido za a duba kowane zaɓi.

Abubuwan da za a auna

Na farko, wace matsala gidan ke karewa? Tumatir ya fi son zafin rana tsakanin digiri 21 da 28, dare kuma ƙasa da 21. Idan rana ta wuce 35, ko dare ya ƙi yin sanyi, fure yakan kaɗe ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Ganye zai yi kore shar, shuka ta yi tsawo, amma ba abin tsinka. Duk gidan da ya ƙara zafi a Afrilu, komai kyansa, ya zama matsala.

Na biyu kuɗi, kuma kuɗin kashi biyu ne: na gini da na gudanarwa. Masu sayar da kaya sun fi son a tsaya a na gini. Na uku ƙarko, wato shekara nawa kafin a sake sayen rufi. Na huɗu sauƙin aiki: wa zai kula da shi kullum, kuma idan abu ya lalace wa zai gyara? Na biyar haɗari. Na ƙarshe, wanda ya fi sauran nauyi a ganina, shi ne mai saye.

Gidan gilashi

Wanda ake gani a bidiyo galibi samfurin Venlo ne, kuma cibiyarsa yankin Westland da ke kusa da birnin Hague. Ba a ƙasa ake shukawa ba, a kan wani irin soso ne na dutse da aka narkar, ruwa da taki suna sauka ta ɗigo bisa lissafin kwamfuta. Bututun ruwan zafi sun ratsa tsakanin layuka. Injin da ke ƙona iskar gas yana ba da wuta da ɗumi, hayaƙinsa kuma a tace shi a tura wa shuka. A watannin duhu fitilu ke maye gurbin rana. Har ƙudan da ke barbarar fure saye ake yi a kwali. Da haka suke samun kilo 50 zuwa 70 a murabba'in mita ɗaya a shekara, adadin da manomin fili ba ya ko mafarkinsa.

Ginin hekta ɗaya yana haura Yuro miliyan ɗaya, kuma ba a yin sa ƙarami, don injunan ba sa biyan kansu sai a babban fili. Ƙarko kam yana da shi: gilashi da ƙarfe sukan yi shekara 25 zuwa sama. Rauninsa makamashi ne. Da farashin gas ya haukace a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren, manoman Holan da Ingila da yawa sun kashe fitilu, wasu suka ɗage dashe zuwa bazara. A Fabrairun 2023, da yanayi ya taɓa amfanin Sifen da Maroko, manyan kantunan Ingila irin su Tesco da Asda sai da suka ƙayyade yawan tumatir da mutum ɗaya zai saya. Wannan a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa ke nan.

A wajenmu aikin juyewa yake yi. Gilashi tara zafi yake, don haka maimakon ɗumamawa sai sanyayawa: jiƙaƙƙen bango a gefe ɗaya, manyan fankoki a ɗaya gefen suna jan iska. Dabarar tana aiki sosai a Maris da Afrilu lokacin da iska ke bushe, amma idan marka ta sauka a Agusta iskar ta cika da danshi, sai ƙarfinta ya ragu. Kuma duk tana rataye ne a kan wuta. A ɗauke wuta da azahar a Afrilu, janareto ya ƙi tashi, kafin a nemo makaniki fure ya gama ƙonewa. Kayan gyara daga waje, mai gyaran ma sau da yawa daga waje.

Abin lura shi ne, ƙasashen da ke ciyar da Turai da tumatir a lokacin sanyi ba gilashi suke amfani da shi ba. Almeriya da ke kudancin Sifen tana da fiye da hekta 30,000 na gidajen leda, yankin Agadir a Maroko ma leda yake amfani da ita. Inda rana ta wadata, leda aka zaɓa.

Gidan leda

Wannan shi ne wanda akasarin masu tambaya za su iya kaiwa, don haka a nan zan fi daɗewa. Wanda aka fi sayarwa a Nijeriya faɗinsa mita 8, tsawonsa 24, wato murabba'in mita 192. Yana zuwa da ƙarafa marasa tsatsa, leda mai kaurin maikron 200 da aka yi wa maganin rana, raga a gefe, tanki da layin ɗigo. Yakan ɗauki shuka 450 zuwa 500 na irin da ke ta hawa igiya bai tsayawa, kamar Anna F1 ko Eva F1. Ana fara tsinka kimanin wata biyu da rabi bayan dashe, a ci gaba wata huɗu zuwa shida idan shukar ta samu kulawa.

Ga lissafin da ya kamata mutum ya yi da kansa. A hannun wanda ya iya, kilo 10 a murabba'in mita abu ne mai yiwuwa. 192 sau 10 ya ba da kilo 1,920, kusan tan 2, ko kuma kiret 77 masu cin kilo 25. Shi ke nan abin da gida ɗaya zai bayar a zagaye guda. Sai ka ninka da farashin da ka tabbata za a biya ka, ba wanda ka ji a rediyo ranar da ya fi tsada ba, ka cire iri da taki da magani da albashin yaro da kuɗin ruwa. Yawancin waɗanda suka yi wannan lissafi tsakani da Allah sukan gane cewa gida ɗaya makaranta ce, ba sana'a ba. Sana'a sai gidaje sun kai uku ko huɗu, ma'aikaci ɗaya na kula da su, ana dashe bi da bi don kada kaya ya yanke.

Abin da ke raba gidan leda mai kyau da mara kyau ba sunan kamfani ba ne, tsayi ne da tagar sama. Zafi sama yake hawa, idan bai sami mafita a ƙololuwar rufi ba, ƙasa zai dawo. Gajeren gida mai rufin baka, ba taga, wanda aka zana don tsaunukan Kenya, idan aka kafa shi a Sakkwato ko Maiduguri tanderu ne kawai. Nemi wanda bangonsa ya kai mita 4, da buɗaɗɗiyar taga a tsawon rufin, gefensa duka raga. A bazara a ɗora ragar inuwa a sama, ko a shafa wa rufin farar ƙasa kamar yadda manoman Almeriya ke yi, ruwan farko ya wanke ta. Ko da hakan, tsakiyar Afrilu a Kano, inda zafi ke taɓa 40, sai an yi haƙuri da zubewar fure. Jos da kewayenta, da ke kan tudun kusan mita 1,200, ba su da wannan damuwa sosai, shi ya sa gidajen leda suka fi yin kyau a can.

Babban amfaninsa a damina yake. Ruwa ba ya dukan ganye, ba ya fantsamo ƙasa a jikin shuka, ba ya fasa ɗa. Cututtukan da ke cinye tumatir a marka suna raguwa ƙwarai.

Ledar takan yi shekara 3 zuwa 4, ƙarafa su haura 10. Duk wanda bai riƙa ware kuɗin sabuwar leda daga cinikin kowane wata ba, zai wayi gari da kwarangwal a gona. Guguwar farkon damina ita ce babbar barazana: ginshiƙan da ba a zuba wa kankare ba, ko ledar da aka bari tana kaɗawa, dare ɗaya ya ishe su. Ƙurar hunturu kuma tana lulluɓe rufi ta rage haske, sai an wanke. Ana iya sa mai walda na gida ya ƙera firam, kuma hakan na rage kuɗi sosai, amma kada a yi rowa a leda. Ledar kasuwa da ba ta da maganin rana ba ta ganin bazara biyu. Firam ɗin katako kuwa sai an shirya da gara.

Sai wahalar yau da gobe, wadda ɗan kamfani ba ya yawan faɗa. Kowane mako sai an cire tsiron da ke fitowa a hammatar ganye, a naɗe shuka a igiya, a rage tsofaffin ganyen ƙasa. Tun da iska mai ƙarfi da ƙudan zuma ba sa shiga, da hantsi sai mutum ya bi layi yana bubbuga wayar da igiyoyi ke rataye, don garin fure ya zuba. Babbar shuka a lokacin zafi tana shan lita 2 zuwa 3 a yini, ka ga gida ɗaya na neman lita 1,000 zuwa 1,500 kullum, ba fashi. Ban ruwa ya yi tsalle kwana biyu, sai ka ga gindin tumatir ya yi baƙi ya lotsa, kuma ba feshin da zai dawo da wanda ya riga ya taɓu. Ƙasar gidan ma tana gajiya. Idan aka maimaita tumatir a wuri ɗaya, tsutsar saiwa da cutar yaushi suna taruwa, kuma ba a ɗaga gida a kai wani wuri kamar bukka. Shi ya sa da yawa ke komawa shuka a buhu, da ɓuntun shinkafa da aka babbaka ko ɓawon kwakwa, ko su sa kokwamba da tattasai a tsakani.

Gidan raga

Firam ne mara nauyi da aka lulluɓe da raga mai ƙananan ido, wadda 'yan kasuwa ke kira mai lamba 50. Aikinta tsare farin ƙuda, wanda ke yaɗa cutar nanaɗewar ganye, da malam-buɗe-littafin da ke haifar da tsutsar Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira Sharon. Wanda ya ga 2016 ya san ta: gonaki suka ƙone cikin kwanaki, gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu, masana'antar sarrafa tumatir ta Kadawa da aka buɗe a shekarar ta tsaya don rashin kaya. Sharon ta sake dawowa da ƙarfi a 2023, kuma zafi ne lokacinta.

Gidan raga ya fi gidan leda araha, ya fi shi shan iska, guguwa ma ba ta kama shi kamar yadda take kama leda. Ragar kirki takan yi shekara 4 zuwa 5. Amma ruwan sama ratsa ta yake, don haka a marka ba ta da wani abin kirki da za ta yi maka. Ƙura tana toshe idonta, kuma raga mai toshewa ba ta da maraba da bango. Sannan kariyar tana ga ƙofa. Dole ƙofa biyu, a rufe ta waje kafin a buɗe ta ciki, a ɗinke duk wata yaga ranar da aka gan ta, a rataye tarkon ƙwari don a san abin da ya shigo. Idan Sharon ta shiga rufaffen gida, ko na raga ko na leda, ta fi ɓarna fiye da a fili, don ta sami wurin da ba mai damunta.

Inda ba ni da ja a kansa shi ne rainon iri. Ko manomin fili ne, ɗan ƙaramin gidan raga na yayyafi yana biyan kansa, domin shukar da ta kamu da cuta tun tana bedi ba ta ƙara yin albarka.

Fili

Ba gini, ba leda, ba abin da zai ruɓe idan ka huta shekara. Matsakaicin abin da ake samu a Nijeriya bai kai tan 10 a hekta ba, amma wanda ya sa iri mai kyau da taki da ruwa a kan kari yana ninka wannan sau uku ko fiye. Matsalar noman rani sananniya ce: kowa ya tsinka lokaci ɗaya, kwando ya faɗi, wani kaso mai yawa ya lalace a hanyar Legas.

Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne tumatir ɗin damina a fili. Da irin aure mai jure ruwa da yaushi, irin su Padma ko Cobra, a kan kunya mai tudu, a kafa wa kowace shuka sanda a ɗaure, a shimfiɗa ciyawa, a yi feshin maganin cutar ganye a kan lokaci, ana samun kaya a watannin da irin da aka saba shukawa, kamar UTC da Roma, ba sa kai labari. Haɗarin na da yawa, shekarar da ruwa ya yi yawa ana iya tashi a tutar babu. Sai dai kuɗin gidan leda ɗaya zai noma fili mai faɗin da ya ninka shi sau da yawa.

| | Gilashi | Leda | Raga | Fili |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin farawa | Mai yawa ƙwarai | Mai yawa | Matsakaici | Kaɗan |
| Kuɗin gudanarwa | Wuta ba yankewa | Ruwa, taki, ma'aikaci | Kusan kamar leda | Fetur, magani, 'yan ƙwadago |
| Ƙarkon rufi | Shekara 25 zuwa sama | 3 zuwa 4 | 4 zuwa 5 | Babu rufi |
| Kare ruwan sama | E | E | A'a | A'a |
| Kare ƙwari | E | E, idan ƙofa biyu | E, idan ƙofa biyu | A'a |
| Zafin bazara | Sai da inji | Sai dogo mai taga | Da dama | Fure na zuba |
| Ƙwarewa | Ƙwararre | Horarren ma'aikaci | Horarren ma'aikaci | Manomi na gari |
| Babban haɗari | Ɗaukewar wuta | Guguwa, zafi | Marka, ƙura | Faɗuwar farashi, Sharon |

Lokaci da mai saye

Akwai wani ƙulli da tebur ba zai nuna ba. Don ka sami kaya a Mayu da Yuni, lokacin da farashi ya fi tsada, dole ka yi dashe a Fabrairu ko Maris, wato fure zai fito daidai tsakiyar zafi. Idan ka jira zuwa Mayu ka dasa, fure zai tarar da sanyin damina, amma tsinka sai ƙarshen Yuli, kuma ba da daɗewa ba na damina zai fara shigowa kasuwa. Manomin Filato yana iya cin moriyar na farko. Na Kano da Katsina da Maraɗi ya fi aminci da na biyu, sai dai in yana da dogon gida da ragar inuwa da ruwa wadatacce.

Sannan tumatir ɗin gida ba na kwando ba ne. Dillali a kasuwar 'Yankaba ko ta Kwanar Gafan ba zai ƙara maka ko sisi don kayanka sun fito sumul ba, da ido yake saye, kuma farashin ranar shi ne farashi. Ribar tana wajen masu saye da kilo: otal, manyan kantuna, gidajen abinci a Abuja da Kano da Kaduna. Su kuma sharaɗinsu kaya duk mako, girma ɗaya, kuma wasu ba sa biya sai bayan makonni. Ka je ka zauna da su tun kafin ka haƙa ramin ginshiƙi, ka ji kilo nawa suke so da yadda suke biya.

Wa ya dace da wanne

Manomin da ke da fadama ko fili a bakin madatsar ruwa, jarinsa kaɗan, ya zauna a fili. Ya sa kuɗin a iri mai kyau, ɗan gidan raga na yayyafi, da kiret maimakon kwando, ya kuma rarraba dashe don kada duk gonar ta nuna mako ɗaya.

Wanda ke yankin zafi, yana da rijiyar burtsatse, kuma abin da ke cinye shi Sharon ce da farin ƙuda a ƙarshen rani, gidan raga ya fi masa. Idan yana son ya ratsa damina da shi, ya nemi mai rufin leda da dogon gefen raga.

Wanda ke Jos ko wani wuri mai tudu, ko kusa da babban birni da mai saye a hannu, gidan leda nasa ne. Ya fara da ɗaya ya koya, da niyyar ƙarawa, kuma ya tura wanda zai kula da shi ya yi wata biyu ko uku a gonar da ke aiki tukuna.

Ma'aikacin ofis da zai riƙa leƙa gona ranar Asabar kawai, ya haƙura da duk wani rufaffen gida har sai ya sami amintaccen mutum da zai kwana ya tashi a wurin.

Gilashi kuwa na babban kamfani ne mai tashar wutarsa, mai kwangilar sayarwa a rubuce, ko cibiyar bincike da masu samar da iri. Bahaushen da ke zaune a Turai ko Kanada yana son shiga harkar a can, shi ma ya fara neman aiki a ɗaya daga cikin gidajen, ya ga takardar kuɗin gas ta watan Janairu da idonsa kafin ya je banki.